Sauya injin fulofi a Amiga, Amstrad da Commodore 64: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Kwamfutoci uku ne a kan tebur, dukkansu kayan gwanjo daga Ingila: Amiga 500 wadda ta fito a 1987, Amstrad CPC 6128 ta 1985, da Commodore 64 da aka fara sayarwa a 1982, ita da injin faifanta mai lamba 1541. Fitowarsu daga Ingila ta rage mini wahala sosai. Fuloginsu mai ƙafa uku ne irin namu, ƙarfin wutar da suke sha shi ne na gidajenmu, hoton da suke fitarwa kuma tsarin PAL ne da talabijin ɗinmu ke ganewa. Da na Amurka ne, sai an nemo tiransifoma kafin a yi zancen komai.

Duka ukun suna tashi. Wajen karanta faifai ne gizo ke saƙar. Amiga tana karanta wani ta ƙi wani, Amstrad ba ta ma san an sa mata faifai ba, 1541 kuwa ban kunna shi ba tukuna, saboda dalilin da zan faɗa idan na zo kansa. Tare da su aka haɗo kwali guda cike da faifan fulofi, yawanci na Amiga, da yawansu da rubutun biro a jiki.

Sayen sabon faifai ba mafita ba ce. Kamfanin Sony, wanda ya ƙirƙiro faifai mai inci 3.5, ya daina yin sa tun watan Maris na 2011. Ko gwamnatin Japan da ta fi kowa riƙe shi, a tsakiyar 2024 ta soke dokokinta na ƙarshe da ke tilasta miƙa takardu a kansa. Abin da ya rage a kasuwa tsohon ajiya ne, kuma kullum ƙara lalacewa yake. Don haka kowace kwamfuta za ta samu na'urar da ke kwaikwayon injin fulofi, amma daga filash ko katin memori take karatu.

Sharaɗina biyu ne. Ba zan yanka ko huda jikin ko ɗaya ba, kuma duk abin da na kwance zan sa a leda in rubuta inda ya fito.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na buɗe Amiga. Kafin in kalli injin fulofin, sai da na kwantar da ita na buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasanta, inda ake soka katin ƙarin memori na kilobayit 512, wanda ake kira A501. Akwai batirin agogo a cikin katin, irin wanda ke tsiyaya idan ya tsufa ya cinye layukan tagulla. Nawa ya fara: kore-kore a ƙafafun batirin, ya ɗan malalo zuwa aisi guda, wato ɗaya daga baƙaƙen ƙwayoyin lantarkin nan masu ƙafafu (IC). Na narkar da dalma na cire shi, na goge wurin da ruwan khal, na bi da sifirit. Agogo ya tafi ke nan, amma ba na bukatar Amiga ta gaya mini ƙarfe nawa.

Injin fulofin kansa ƙura ce ta yi masa yawa, man da ke kan sandar da kan karatu ke bi kuma ya daskare ya zama danƙo. Na wanke, na sa sabon mai ɗan kaɗan, na goge kawunan biyu da auduga. Ya ɗan gyaru, amma har yanzu idan ya kai layukan ciki sai ya fara kawo kuskure.

Wani zai ce me zai hana in ɗauko injin fulofi daga tsohuwar kwamfutar ofis in ɗora mata, tunda faffaɗar wayar duk mai fil 34 ce. Siffar ce ɗaya, aikin filolin ya bambanta. Amiga tana sauraron fil na 2 don ta san an canza faifai, da na 34 don ta san injin ya shirya. Injin PC kuwa a fil na 34 yake sanar da canjin faifai, kuma an saita shi ya amsa a matsayin inji na biyu, alhali Amiga na farko take kira. Ana gyara wannan da dalma, amma ko an gyara, faifan ne dai ke mutuwa.

Yadda Amiga ke rubutu ma nata ne daban. Faifai iri ɗaya da PC ke sa wa kilobayit 720, ita 880 take cusa masa: layi 80 a kowace fuska, fuska biyu, yanki 11 a kowane layi, kowane yanki bayit 512. Tana samun wannan rarar ne saboda aisin da ake kira Paula yana karanta layi sukutum ya rubuta shi sukutum, ba sai an bar gibi tsakanin yankuna ba. Shi ya sa PC ba ta iya karanta faifan Amiga, kuma shi ya sa kowane kwafin faifai na ADF nauyinsa bayit 901,120 ne cif.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na'urar da kowa ke amfani da ita sunanta Gotek, ƙirar Sin, girmanta daidai da injin fulofi, da ramin filash a gaba, maɓalli biyu, da ɗan gilashi mai nuna lamba uku. Na ɗauka sai na yi oda daga waje. Ashe tana nan a gari, a wajen masu gyaran injinan ɗinkin kwalliya na kwamfuta, waɗanda ake cewa monogiram. Tsofaffin injinan nan da fulofi ake ba su zane, haka ma fiyanon 'yan kiɗa na da. Asali ma irinsu aka yi wa Gotek, masu tsofaffin kwamfutoci daga baya suka gano ta.

Dattijon da na saya a wajensa ya juya hoton Amiga a wayata ya ce, “Malam, wannan kuma wane irin ɗinki take yi?” Na ce wasanni take yi da zane. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, amma shi dai kaya in ya fita ba ya dawowa.

Yana da gaskiya da ya yi wannan sharaɗi, domin yadda ta zo daga kamfani ba ta da amfani ga Amiga. Sunan samfurin ma ya nuna haka, SFR1M44-U100: faifan PC mai megabayit 1.44 kaɗai ta sani. Sai an yi mata fulashin, an sauya manhajar cikinta. Manyan manhajojin biyu ne. HxC ta Jean-François Del Nero ta fi daɗewa, ana biyan ɗan kuɗi. FlashFloppy ta Keir Fraser kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke ga duk mai son dubawa. Ita na zaɓa.

Duk mai sayen Gotek ya buɗe ta ya karanta rubutun da ke kan babban aisin kafin ya sauke komai. Na da suna ɗauke da STM32F105. Da ƙarancin aisi ya addabi duniya a 2021, aka koma na kamfanin Artery: AT32F415, wanda memorinsa ya fi ƙanƙanta, sai daga baya AT32F435 da ya fi duka ƙarfi. Tawa 415 ce. Ga fayilolin ADF ta wadatar.

Fulashin ɗin ba wuya in an samu wayar da ta dace, mai babban kan USB a kowane gefe. Na yanka tsofaffi biyu na haɗa. Ana sa jamfa, wato 'yar hular da ke haɗa fil biyu, a filolin da ke baya kusa da wajen wuta don aisin ya tashi yana jiran sabuwar manhaja, sannan a jona da laftof. Manhajar kamfani a kulle take, kuma buɗe kullen yana share ta gaba ɗaya, babu komawa. Da na gama na ba ta wuta, gilashin ya nuna F-F. Daga yanzu duk sabuntawa ta filash za a riƙa yi, a danne maɓallan biyu a kunna.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Akwatin Gotek bai zauna daidai a cikin Amiga 500 ba, don haka fanel ɗin kawai na ciro, na ɗaura shi a kan wani faranti na roba da na yanka daidai da ramukan notin tsohon injin. Ramin filash ya fito ta tsagar da ake sa faifai, a gefen dama. Jamfa guda a S0, sauran duk a cire. Jan layin faffaɗar waya yana bin fil na 1. Idan aka kifa ta, FlashFloppy tana rubuta RIB a gilashi, wanda ya fi a bar mutum yana ta tsammani. Wuta kuwa bolt 5 kaɗai take sha.

Filash ɗin FAT32 ne, na zuba masa Workbench 1.3, faifan babbar manhajar Amiga, da wasu 'yan fayiloli. Na kunna, hoton hannun nan mai riƙe da faifai ya bayyana a farin allo, na soka filash, hannun ya ɓace, ta fara lodi.

Ɗan yayana da ke tsaye a kaina ya ce, “Baffa, ai na ɗauka yanzu nan take za ta buɗe.” Ba za ta buɗe ba. Gotek ba ta ƙara gudu ko kaɗan, domin aikinta ta yaudari Amiga ta ɗauka faifai ne na gaske ke juyawa sau 300 a minti. Layi guda bayit 5,632 ne, yana wucewa sau biyar a sakan, ka ga ko a lissafi ba za a wuce kilobayit 28 a sakan ba, a aikace ma bai kai ba. Abin da aka samu shi ne babu kuskuren karatu, babu faifan da ke gogewa, kuma wasa irin Monkey Island 2 da ya zo wa Amiga a faifai 11 ya zama danna maɓalli maimakon tone kwali.

Abin da ban zata zai dame ni ba shi ne shirun. Ƙarar injin fulofi ita ce ke gaya maka ko lodi ake ko kwamfuta ta sandare. Na cire 'yar ƙaramar sifika daga wani mataccen fanel na jona ta a filolin JB, yanzu duk takun da kan karatu zai yi sai ta ce ƙyas. Har da ƙyas-ƙyas ɗin nan da Amiga ke yi duk bayan 'yan sakanni idan babu faifai, tana leƙawa ko an sa mata.

Gilashi mai lamba uku kuma ba ya gaya maka komai in fayiloli sun yi yawa. Na musanya shi da ɗan gilashin OLED mai nuna suna, da maɓalli mai murɗawa, na fito da siraran wayoyinsu ta ramukan shan iska na sama. Ba a huda komai ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Sa Gotek yini guda ne. Kwalin faifan nan shi ne aikin.

Wasannin kamfani ba su dame ni ba, domin masu adana tarihin kwamfuta sun daɗe da kwafe kusan dukkansu. Masu rubutun biro su ne abin ji: “Pics 3”, “letters”, “mods”, da wasu da rubutun ya kode. Abin da ke cikinsu babu shi a ko'ina a duniya sai a nan, a kan ɗan siririn fentin ƙarfe da ya haura shekara talatin. Gotek ba ta karanta faifai. Wanda ya sa ta ya jefar da tsohon inji da kwalin, kwamfutar ya raya, ya binne abin da aka yi da ita.

Na'urar wannan aikin sunanta Greaseweazle, ita ma Keir Fraser ne ya ƙera ta. Ƙaramin fanel ne da ke zama tsakanin laftof da injin fulofi na PC, irin wanda na ce bai dace da Amiga ba. A nan ya dace, saboda Greaseweazle ba ruwanta da fayil ko yanki. Tazarar lokacin da ke tsakanin kowane juyin maganaɗisu a kan faifai take aunawa, ta miƙa wa laftof ta fassara. Akwai KryoFlux da SuperCard Pro da ke irin wannan aikin, amma sun fi tsada.

Yadda nake bi da kowane faifai: in ja ƙyauren ƙarfen gefe, in juya cibiyar da yatsa a gaban fitila, in duba fuska biyun. Mai sheƙi sumul ya wuce. Mai fararen ɗigo-ɗigo fumfuna ce, sai a goge a hankali da auduga da sifirit, a bari ya bushe. Idan na sa faifai na ji yana kuka ƙiiii, nan take nake tsayarwa, domin fentin ne ke saɓulewa yana manne wa kan karatu, kuma dattin zai karce faifan da ke biye. Bayan kowane faifai mai matsala sai an wanke kawuna.

Karatun farko ɗanyensa nake ɗauka, in adana a fayil na SCP, wanda kan kai megabayit gommai ga faifai guda. Daga shi ake fitar da ADF. Dalili shi ne tsohon faifai wani lokacin karatu ɗaya ne ya rage masa, kuma in an riƙe ɗanyen, ana iya sake gwada fassara shi ba tare da an ƙara goga faifan ba. A ƙarshen karatu manhajar tana zana tebur: ɗigo ga yankin da ya fito lafiya, X ga wanda ya ƙi. Abin da ake so a gani shi ne 1760 cikin 1760.

“Pics 3” ya zo da X biyu a layukan tsakiya. Zane-zanen Deluxe Paint ne, masu launi 32. Guda cikinsu hoton babur ne da wani ya zauna ya yi ɗigo bayan ɗigo, har da hasken rana a kan tanki. Daga sama zuwa sirdi lafiya lau, daga nan ƙasa kuwa layuka sun zame gefe sun koma hargitsin launi, saboda fayil ɗin a matse yake, in bayani ya ɓata a tsakiya duk abin da ke bayansa sai ya kauce. Na sake goge faifan na ƙara karantawa, yanki ɗaya ya dawo, ɗayan ya ƙi. Babur ya samu tayar gaba, ta baya tana nan a wargaje. Haka na bar shi.

Lahadi, 15 ga Disamba

Hunturu ya shigo sosai. Ƙura na sauka a kan faifai tun kafin in rufe ƙyauren, don haka na koma aiki da dare, taga a rufe. Busasshiyar iskar nan kuma tana tara wutar jiki, aisin CIA guda biyu da ke cikin Amiga kuwa ba sa jure ta. Ina taɓa ƙarfen taga kafin in taɓa fanel, kuma ba na jona ko cire kowace waya tana kunne.

Abubuwa biyu daga kwalin. Wani faifai ya rasa tushen jerin fayilolinsa, wanda ke zaune a tsakiyar faifai, yanki na 880. A ido kamar komai ya tafi. Amma tsohon tsarin Amiga yana kashe bayit 24 a kowane yanki wajen rubuta na wane fayil ne da kuma na nawa ne a jere, ya bar 488 ga bayani. A da ana ganin wannan ɓarnar wuri ce. Yau ita ta sa DiskSalv, manhajar Dave Haynie, ta tattaro kusan duka fayilolin. Wasiƙun wani iyali ne, na adana ban bi su ina karantawa ba, kuma ba za su fita daga hannuna ba.

Na biyu, faifai da dama suna ɗauke da ƙwayar cutar SCA ta 1987 a yankuna biyu na farko, inda kwamfuta ke fara karantawa. Kwafi na gaskiya da cutarsa yake tahowa, kuma a kan Gotek za ta ci gaba da yaɗuwa daga ADF zuwa ADF. Na bar ɗanyun kwafin yadda suke, na tsabtace waɗanda za su hau filash, na kuma sa “write-protect = yes” a fayil ɗin FF.CFG.

Faifan wasanni na asali masu kariyar hana kwafi ba sa shiga ADF, saboda da gangan aka rubuta wasu layukansu ba bisa ƙa'ida ba. Su sai tsarin HFE, kuma a nan ne Gotek mai aisi 415 ke nuna gajiyarta idan filash ɗin ba mai sauri ba ne. Na yi odar mai 435.

Asabar, 28 ga Disamba

Amstrad. Faifanta inci 3 ne, ba 3.5 ba, dogo mai kauri, ana juya shi da hannu a yi amfani da ɗaya fuskar, kowace fuska kilobayit 178. Duk abin da na sa mata amsarta ɗaya: “Drive A: disc missing”. Wannan kusan kullum bel ne. Injin yana juya faifai da siririn bel na roba, shekaru kuma sun mai da shi baƙin kwalta da ya naɗe a jikin ƙarfe. Kankare shi ya fi sa sabon cin lokaci. Akwai kuma wani ɗan fil na ƙarfe da ke gane ko faifai a kulle yake, wanda ke zamewa ya faɗi idan aka ɗaga fanel injin yana kife. In ya ɓata, ba za ta ƙara rubutu ba. Na yi aikin a cikin tire.

Da sabon bel, umarnin CAT ya kawo jerin fayiloli. Ba ta zo da talabijin ɗinta ba, wadda daga ita take samun wuta, don haka adafta biyu na haɗa mata: bolt 5 na kwamfutar, bolt 12 na injin faifai.

Faifanta kaɗan ne, ban ga dalilin haɗa wa Greaseweazle sabuwar waya ba. Gotek mai 435 ta iso, na yi mata fulashin, na jona ta a ramin baya a matsayin inji na biyu, jamfa a S1, na zuba fayilolin DSK marasa komai a filash, su ne za su zama kwafin faifan Amstrad. Daga nan manhajar kwafi ta DISCKIT3, da ke cikin faifan babbar manhajar CP/M, ta kwashe daga inji A zuwa inji B, fuska bayan fuska. Kwamfutar da kanta ta kwashe kayanta.

Gargaɗi ga mai sa Gotek a cikin 6128 ko kwamfutar Spectrum +3: kan wayar wutar injin yana shiga ramin Gotek daram, amma bolt 5 da bolt 12 a juye suke. In aka soka haka, bolt 12 zai shiga inda ake jiran 5, Gotek ta ƙone. Sai an zare filolin an musanya, an auna da mita, sannan a jona. Faffaɗar wayar ciki ma fil 26 ce, sai da adafta zuwa 34. Da yamma na gama mayar da Gotek ciki a madadin tsohon injin. Adaftar bolt 12 ta koma aljihun tebur, tunda babu sauran abin da ke shan ta.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Dalilin da ya sa na jinkirta Commodore 64 (C64) shi ne akwatin wutarta. An cika shi da daskararren gam tun daga kamfani, ba ya buɗuwa, kuma an san irinsa da cewa idan ya tsufa bolt 5 ɗinsa kan haura ya ƙone aisin memori. Gwajin minti biyu na yi da shi ranar farko, ban ƙara ba. Yanzu na samu sabo.

Gotek ba ta aiki a nan ko kaɗan. Injinan Amiga da Amstrad ba su da ƙwaƙwalwa, moto ne da kan karatu, abin da aka ce su yi suke yi, shi ya sa kwaikwayonsu ke da sauƙi. 1541 kuwa kwamfuta ce mai zaman kanta, da aisin 6502 nata, memori kilobayit 2, da manhajar sarrafa faifai a cikinta. Ta wayar siriyal suke magana da C64, a hankali ƙwarai, wajen bayit 400 a sakan. Faifanta inci 5.25 ne, layi 35, yankuna 21 a layukan waje suna raguwa zuwa 17 a na ciki, jimilla 683, kowanne bayit 256. Kwafin D64 ke nan, bayit 174,848.

Na fara da SD2IEC, 'yar na'ura mai katin memori da ke shan wuta daga ramin kaset. Umarnin LOAD"$",8 ya kawo jerin fayiloli, ƙananan manhajoji duk sun tashi. Manyan wasanni da yawa kuwa sai su nuna hoton farko su tsaya cak.

Dangantakar C64 da 1541 kamar ta maigida ce da yaron shagonsa. In aike ne na yau da kullum, je ka kawo kaza, kowane yaro zai iya, kuma SD2IEC ta haddace waɗannan aikunan. Amma saboda nawar wayar, masu rubuta wasanni sukan kira yaron gefe su koya masa sabuwar hanyar kawo kaya da sauri, wato su tura ƙaramar manhaja ta zauna a memorin 1541 ta yi aiki a kan aisinsa. SD2IEC ba ta da 6502 da za ta gudanar da ita. Sanannun hanyoyin sauri irin JiffyDOS, Epyx FastLoad da Final Cartridge III an koya mata su ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ta sani ba kuwa shi ke nan.

Lahadi, 26 ga Janairu

Hanyoyi biyu ne ke kwaikwayon 1541 har cikin ƙwaƙwalwarsa. 1541 Ultimate ta Gideon Zweijtzer ita ce ƙarshe, kuɗinta ma haka, balle da canjin yanzu. Pi1541 ta Steve White tana hawa kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3, tana kwaikwayon 6502 da aisin 6522 biyun taku bayan taku, kuma tana karɓar kwafin G64 na faifai masu kariya. Ina da Pi 3 a ajiye da ba ta aikin komai, don haka zaɓin ya yi kansa. Abin kula shi ne wayar C64 bolt 5 ce, filolin Pi kuwa 3.3 suke ɗauka, dole a sa fanel mai daidaita su a tsakani. Tsarin da ke amfani da aisi 7406 zan bi, saboda shi ke jure a haɗa wasu injinan a waya guda, ni kuma ina so 1541 na gaske ya zauna a layin.

Ba zan ajiye SD2IEC ba. Tana tashi nan take, ba ta bukatar nata adafta, kuma yawancin abin da nake buɗewa ƙananan fayiloli ne.

Na kunna 1541 a karon farko. Yana juyawa, yana kuma yin bugun nan nasa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, domin ba shi da abin da ke gaya masa kan karatu ya kai layin farko, sai dai ya yi ta buga shi da ƙarfen tsayawa. Wannan bugun ne ke karkatar da saitin kan a hankali. Nawa yana karanta jerin fayiloli a layi na 18, amma yana tuntuɓe a layukan gefe.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Amiga da Amstrad a rufe suke, suna aiki. Na haura rabin kwalin Amiga. Masu fumfuna da yawa na ware su gefe sai ƙarshe. Kwafin suna wuri uku: laftof, faifan ajiya na waje (hard disk), da intanet. Filash ɗin da ke jikin Gotek ban lissafa shi a ajiya ba, domin filash ma yana mutuwa, ba ya kuma yin gargaɗi irin na fulofi.

Tsohon injin Amiga zai koma aiki a matsayin na waje. Kickstart 1.3, manhajar da ke cikin Amiga mai tashinta, daga inji na farko kaɗai take tashi, don haka sai na sa 'yar makunnin da ke zama ƙarƙashin ɗaya daga aisin CIA tana musanya na farko da na biyu. Sai iska ta ɗan yi laushi zan ɗaga wannan aisin.

Faifan C64 ban taɓa su ba. Shirin shi ne 1541 ya zauna a lamba 8, SD2IEC a lamba 9, a kwafa daga wannan zuwa wancan, amma sai an fara daidaita kan karatun, abin da ke bukatar faifan kamfani mai lafiya da za a auna da shi. Akwai biyu a kwalin da nake sa ran za su yi. Aisi 7406 bai iso ba tukuna. Mai shagon ya ce mako mai zuwa.